Kuskuren Weber da Watanni Biyar na Shiru

A 1916 Albert Einstein ya lissafa cewa manyan abubuwa masu nauyi, idan suka kewaya juna da gudu, sukan girgiza sarari da lokaci, girgizar ta bazu kamar yadda ruwan tafki ke kaɗawa idan an jefa dutse. Ita ce masana ke kira igiyoyin nauyi. Shi kansa bai sakankance ba. A 1936 har ya rubuta takarda yana musanta samuwarsu, kafin a nuna masa inda lissafinsa ya goce.

Wanda ya fara yunƙurin kama su da na'ura shi ne Joseph Weber na Jami'ar Maryland a Amurka. Ya rataye manyan sandunan alminiyam yana jiran su yi rawa idan igiyar ta ratsa su, kuma a 1969 ya shelanta cewa ya ji ta. Sai dai dakunan bincike da suka kwaikwayi na'urarsa ba su ji komai ba. Kafin tsakiyar shekarun 1970 masana sun juya masa baya. Bai janye maganarsa ba har ya rasu a 2000.

Wannan tabon ne ya bi na'urar LIGO, mai tashoshi biyu a Hanford da Livingston, kowace da hannuwa biyu masu tsawon kilomita 4 da hasken leza ke kai-komo a cikinsu. Ranar 14 ga Satumba 2015 alama ta iso Livingston, bayan kimanin kashi 7 cikin 1000 na daƙiƙa ta iso Hanford: baƙaƙen ramuka biyu ne suka haɗe a nisan da haske ke shafe shekara kusan biliyan 1.3 kafin ya keta. Masanan suka kame bakinsu wata biyar suna tantancewa, har da binciken ko wani ne ya cusa alamar da gangan. Wanda ya san abin da ya sami Weber ba zai ga tsawon wannan jira ba.

Sai 11 ga Fabrairu 2016 suka sanar, matar Weber, masaniyar taurari Virginia Trimble, tana zaune a zauren. Yanzu irin waɗannan alamu sun haura 100, kuma Hukumar Sararin Samaniya ta Turai na shirin harba LISA, kumbuna uku da za su saurara daga sama, a tsakiyar shekarun 2030.