Shin Da Gaske Tagogi Ne Suka Kayar Da Jirgin Comet?

Idan ka taɓa shiga jirgin sama, ka san tagoginsa ba irin na ɗaki ba ne, siffar ƙwai gare su. Za ka ji ana cewa wai darasin jirgin Comet ne, wanda tagogi masu kusurwa huɗu suka hallaka. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma an taƙaita ta da yawa.

Comet, ƙirar kamfanin de Havilland na Ingila, shi ne jirgi mai injin jet na farko da ya fara jigilar fasinja. Ranar 2 ga Mayu, 1952 ya tashi daga Landan zuwa Johannesburg da fasinja 36, har ya yada zango a Khartoum.

Injin jet mashayin mai ne idan yana ƙasa-ƙasa, sai ya hau wajen mita 12,000 yake samun sauƙi. A can kuwa sanyi ya kai digiri 50 ƙasa da sifili, iskar ma ba ta isar mutum numfashi. Dole a hura iska cikin jirgin. Kenan duk tashi gangar jikinsa ta ɗan kumbura, duk sauka ta sace. Ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ai ka san ƙarshenta. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe.

Ranar 10 ga Janairu, 1954 wani Comet ya tarwatse a sama kusa da tsibirin Elba na Italiya, mutum 35 suka mutu. Ranar 8 ga Afrilu wani ya sake, ya tafi da mutum 21.

Abin da masu bincike suka yi a Farnborough ne ya fi burge ni. Sun nutsar da gangar wani Comet a katon tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa, kamar tashi da sauka. Me ya sa ruwa? Saboda ba ya matsuwa kamar iska, in jikin ya tsage ba zai yi bindiga ya ɓata shaida ba. Da aka haɗa da tafiye-tafiyen da ya riga ya yi, wajen zagaye 3,000 ya tsage.

Sai dai a tarkacen Elba da aka tsamo daga teku, tsagewar ba daga tagar fasinja ta fara ba. Daga ramin ƙusa ta faro, kusa da kusurwar wata ƙaramar tagar eriya a rufin jirgin. Kusurwa tana tara nauyi wuri ɗaya, haka ne, amma fatar jirgin ma ta yi siriri.

An gyara shi. Comet 4, mai fata mai kauri da tagogi zagayayyu, ya fara ƙetare Atlantika da fasinja ranar 4 ga Oktoba, 1958. Makonni uku bayan nan Boeing 707 na Amurka ya shigo hanyar, ya fi shi girma, kuma kasuwa ta bi shi.