Daga En'e Zuwa Ƙaramar Hukuma: Wa Ke Riƙe Da Lalitar Ƙasar Kazaure?

Na ɗauki lokaci ina bin diddigin yadda mulkin gundumomi ya riƙa sauyawa a Kazaure, Roni, Gwiwa da maƙwabciyarmu Babura. Abin da na gano shi ne, duk dokar da ta taɓa rayuwar talaka a wannan yanki, tambaya ɗaya ta amsa: wa zai karɓi kuɗi, wa kuma zai riƙe lalita?

Bari mu faro daga tushe. Ɗan Tunku ne ya kafa masarautar Kazaure a wajajen 1819, bayan takun saƙa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tabbatar mata da 'yancinta. Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka sa Kazaure cikin Lardin Kano, amma da En'enta. Babura kuwa gunduma ce ta masarautar Kano. Ke nan tun asali maƙwabtan nan biyu ba baitulmali ɗaya suke kai haraji ba.

A zamanin En'e, mai unguwa ke ƙidaya magidanta, dagaci ya tara haraji da jangali, hakimi ya kai baitulmali. En'e ta riƙe kasonta, ta miƙa wa gwamnati nata. Da wannan kaso ake biyan alƙalai, 'yan doka, malaman makaranta da duba-gari. Ba na yabon wancan zamani, domin dattawanmu ba su manta yadda ake shanya mutum a rana saboda haraji ba, ko yadda wasu ke ƙaurace wa garinsu in lokacin biya ya zo. Irin wannan ne ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya nemi a yi wa En'e garambawul a Majalisar Arewa a 1950, shekarar da kuma aka kafa jam'iyyar NEPU. Dokar En'e ta 1954 ta ƙarfafa majalisu, amma wuƙa da nama suna hannun sarakuna.

Soja ne suka karya wannan tsari. A ranar 27 ga Mayu, 1967, Janar Yakubu Gowon ya ƙirƙiro jihohi 12, muka faɗa Jihar Kano ƙarƙashin Audu Bako. Daga 1968 aka shiga ƙwace kotuna, gidajen yari da 'yan doka daga hannun En'e. Sa'annan gyaran 1976 na gwamnatin Obasanjo ya zo da tsari ɗaya ga ƙasa baki ɗaya: ƙananan hukumomi 301, kowace da kansiloli da ciyaman, sarakuna kuma suka koma iyayen ƙasa masu ba da shawara. Jihar Kano ta sami 20, Kazaure na ɗaya daga ciki.

Dokoki biyu suka biyo baya waɗanda manomi ya ji a jikinsa. Ta farko Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin filin karkara har hekta 500 don noma, da 5,000 don kiwo. Duk mai son fahimtar rigimar gona da burtali a yankinmu, daga nan ya kamata ya fara. Ta biyu, soke haraji da jangali da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya yi a 1979. Talaka ya sha iska, babu shakka. To amma akwai abin da ba a cika faɗa ba: daga nan hukuma ta rage dogaro da aljihun mutanenta, ta koma zuba ido ga kason da ke zuwa daga sama. Wanda kuwa ba ya cin abinka, ba lallai ne ya ji kukanka ba.

A ranar 27 ga Agusta, 1991, Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, hedikwata a Dutse. Babura ta bar masarautar Kano ta shiga sabuwar masarautar Ringim. Zuwa 1996, lokacin da ƙananan hukumomin Nijeriya suka kai 774, na Jigawa kuma 27, ƙasar Kazaure da take hukuma ɗaya a 1976 ta zama huɗu: Kazaure, Roni, Gwiwa da 'Yankwashi. Mutumin Gwiwa ya huta da doguwar tafiya don sa hannu a takarda, 'ya'yanmu da yawa sun sami aiki. Sai dai kowace sabuwar hukuma da sakatariyarta, da albashinta, da motocinta.

Tsarin Mulkin 1999 ya ba da dama, ya kuma karɓe da hagu. Sashe na 7 ya ce zaɓaɓɓu ne za su tafiyar da ƙaramar hukuma, ya ɗora mata kasuwa, tasha, mahauta, rajistar haihuwa da mutuwa, da hannu a ilimin firamare. Amma sashe na 162 ya bi da kuɗinta ta asusun haɗin gwiwa da jiha, inda gwamnoni a faɗin ƙasa suka sami hanyar sa hannu. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu. Hukunci dai takarda ce. Aiki da shi sai jama'a sun sa ido.

A nan ne nake kira ga 'yan uwa, musamman malamai da lauyoyi da ma'aikata a cikinmu. Tarihinmu na kafin 1991 yana cikin fayilolin Lardin Kano a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da Gidan Ɗan Hausa a Kano. Sauran yana cikin kawunan tsofaffin malaman haraji, dagatai da kansilolin 1976, waɗanda kullum raguwa suke. Mu je mu zauna da su, mu rubuta. Mu kuma saba da neman kasafin kuɗin hukumominmu, mu tambayi nawa ya shigo, ina ya tafi. Kakanninmu sun san nawa suka biya, ba su da bakin tambaya. Mu muna da baki, kada mu rasa sanin nawa aka karɓa da sunanmu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, amin.