Daga Kebur Ɗin Maleji Zuwa Taswira: Yadda Mota Ta Fara Sanin Inda Take

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen salo mu leƙa gareji, domin akwai tarihin da ke kwance a bayan dashbod ɗin tsofaffin motoci.

Duk wanda ya taɓa shiga Peugeot 504, irin waɗanda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, ya san yadda allurar maleji take ɗan rawa kafin ta tsaya. Kebur ne ke motsa ta. Wata murɗaɗɗiyar waya ce a cikin kube, ta taso daga giyabos, tana juya ɗan maganaɗisu a bayan agogon, shi kuma ya ja faifan alminiyam ɗin da allurar ke jikinsa. Injiniyan Jamus Otto Schulze ne ya yi rajistar wannan dabara a 1902. Ba ruwanta da batir. Shi ya sa idan kebur ya tsinke sai allura ta kwanta a kan sifiri, mota kuwa tana ta sheƙa gudu.

To, yau mai irin wannan mota ya sayo na'urar nuna hanya ta jikin dashbod, ya kai wa mai wayarin. Sai a tarar da wata waya guda da ke neman siginar gudu, motar kuma ba ta da inda za a jona ta. Me na'urar da ke sauraren taurarin ɗan'adam za ta yi da juyin taya? Amsar ta girmi taurarin nesa ba kusa ba.

Matuƙan jirgin ruwa na dā suna da lissafinsu: in ka san inda ka taso, da inda ka fuskanta, da nisan da ka ci, ka san inda kake. A wajajen 1910 wani Ba'amurke, J. W. Jones, ya sayar da abin da ya kira Live Map, faifan takarda mai ɗauke da kwatancen hanya, wanda kebur daga taya ke juya shi sannu a hankali. A wajajen 1930 aka yi Iter Avto a Italiya, naɗaɗɗiyar taswira mai warwaruwa daidai da gudun mota. Duka biyun lalurarsu ɗaya: da zarar direba ya kauce hanya, takarda ta ci gaba da ba shi labarin titin da ya bari.

A 1981 kamfanin Honda ya fito da Electro Gyrocator a Japan. An haɗa ma'aunin nisa da wata na'ura mai amfani da iskar hiliyam wajen gane lanƙwasar mota, direba kuma ya zura taswirar leda a gaban ɗan allo. Kuɗinta ya kai kusan rubu'in kuɗin motar, saboda haka ba ta yi kasuwa ba.

Inda muke so mu daɗe shi ne 1985, shekarar da Etak Navigator ta fito a Kalifoniya. Stan Honey, wanda ya jagoranci ƙirar, gwanin gano hanya ne a teku, kuma ya yi wa Nolan Bushnell, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Atari, wannan aiki a jirgin tserensa. Bushnell ɗin ne ya zuba jari. Ita Etak ba daga masana'anta take zuwa da mota ba, sayenta ake yi a saka. Masu sakawa sai sun liƙa maganaɗisu a cikin ƙafafun mota, su ɗaura na'urorin ƙirga juyi a kusa, su kafa kamfas, taswirar kuma tana cikin kaset. Wato aikin da mai tsohuwar mota ke yi yau, shi suka yi tun wancan lokaci.

Sai dai lissafin nisa yana tara kuskure. Taya ta sace iska, ko ta zame a laka, mita biyu su zama ashirin. Maganin da Etak ta kawo, wanda a ganinmu ya fi komai a wannan tarihi, shi ne ta ɗauka cewa mota a kan titi take tafiya. Duk kwanar da direba ya sha sai ta gwada da kwanonin taswira, ta jawo alamar motar ta mayar kan titi, kuskuren da ya taru ya goge. Taswirar da ke wayoyinmu har gobe tana yin haka.

GPS ya shigo motoci a 1990, da Eunos Cosmo ta kamfanin Mazda, amma bai kori taya daga aiki ba. Sojojin Amurka da gangan suke dagula siginar da farar hula ke samu, kuskure ya kan kai mita 100, har sai da Shugaba Bill Clinton ya sa aka daina a watan Mayu na 2000. Ko bayan 2000 ɗin, a hanyar ƙarƙashin ƙasa ko tsakanin dogayen benaye sigina na ɓacewa, sai na'ura ta koma kan lissafin matuƙan teku.

Gyaran da ake yi wa tsohuwar mota bai da yawa. Ana kwance kebur daga giyabos, a ɗaura wata 'yar na'ura a tsakani, sannan a mayar da shi. Allura ta ci gaba da aikinta, na'urar kuma tana fitar da bugun lantarki a duk juyi, bisa abin da Edwin Hall ya gano a 1879 game da tasirin maganaɗisu a kan wutar da ke bin ƙarfe. Wasu kuma a jikin farfela suke ɗaure maganaɗisun. Mu dai mun fi son hanyar farko, don ba a huda komai ba a yanke komai, ranar da aka so sai a cire mota ta koma yadda aka ƙera ta, kuma masu sayen tsofaffin motoci wannan suke fara dubawa.

Adadin bugun ya bambanta. Keburan motocin Amurka da yawa suna juyi 1,000 a kowane mil, na Japan kuwa 637 a kowace kilomita, wanda in aka sa bugu huɗu a juyi ɗaya ya zama 2,548. Yawancin na'urorin ba sai an faɗa musu ba: tafiyar 'yan kilomitoci a fili ta ishe su gwada bugun da GPS su koyi lissafin. In aka canja girman taya, sai a goge abin da suka koya a sake fita da su titi.