Shanyewar Ɓarin Jiki a Jamhuriyar Benin: Bambancin Kudu da Arewa da Darasinsa ga Unguwar Zango ta Kwatano

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta alƙaluman shanyewar ɓarin jiki a Kwatano da Parakou, ta kuma duba abin da suke nufi ga mazauna Zango. Ta nuna cewa hawan jini ne babban tushen cutar, jinkirin zuwa asibiti kuma shi ke raunana kulawa.

Gabatarwa

Zango unguwa ce ta Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa, waɗanda fataucinsu ya haɗa kasuwar Dantokpa da Parakou da Malanville har zuwa Gaya a Nijar. Saboda wannan kai da komo, lafiyarsu tana da nasaba da yankunan ƙasar biyu.

Hanyar Bincike

An nazarci bincike huɗu da aka buga: na Cossi da abokanta (2012) a Kwatano, da na Adoukonou da abokansa (2020) a Parakou, da binciken STEPS (2015) na ƙasar Benin, da binciken SIREN (2018) da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya.

Sakamako

A Kwatano, an bi gida-gida an tantance mutum 15,155, aka samu masu cutar 4.6 cikin kowane dubu. A unguwar Titirou ta Parakou kuwa, cikin mutum 4,671 an samu kimanin 11.6 cikin dubu, wato fiye da ninki biyu. SIREN ya gano cewa kashi 68 cikin ɗari na cutar toshewar jijiya ce, kashi 32 kuma fashewarta, sannan ya ɗora kusan kashi 90 na haɗarin a kan hawan jini. Binciken STEPS na 2015 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin huɗu na baligan Benin yana da hawan jini.

Tattaunawa

Dole a yi hattara da bambancin Kwatano da Parakou. Shekaru sun raba binciken biyu, kuma ƙidayar gida-gida masu rai kawai take kamawa. Wanda ya rasu a makon farko ba ya shiga lissafi, don haka ƙarancin adadi ba hujjar sauƙin cuta ba ne.

Ingancin kulawa ya rataya ne a kan lokaci. Allurar narkar da gudan jini tana amfani ne cikin awa huɗu da rabi, kuma ba a yin ta sai hoton ƙwaƙwalwa ya tabbatar cewa jijiya ba ta fashe ba. Mazaunin Zango yana kusa da Asibitin Koyarwa na Hubert Koutoukou Maga, amma kusancin ba ya amfani idan iyali suka ɗauki karkacewar baki shafar iska ce ko sammu, suka fara da ƙaho da turare, ko suka tsaya haɗa kuɗin hoto.

Kammalawa

Maƙalar tana ba da shawarar a riƙa auna jini a harabar Babban Masallacin Zango bayan Juma'a da kuma tashoshin mota, a wayar da kai da Hausa kan alamomi uku: karkacewar baki, mutuwar hannu da rikicewar magana. Haka kuma ya kamata asibitoci su riƙa rubuta unguwar majinyaci da lokacin isowarsa, domin a san inda ake rasa rayuka.