Majority (kalmar Turanci)

Majority kalma ce ta Turanci daga ajin suna, wadda a ma'anarta ta yau da kullum take nufin kaso mafi girma na wani adadi, wato abin da ya haura rabi. Tana da gaɓa huɗu, kuma a kan gaɓa ta biyu ake ƙarfafa murya wajen furta ta. Jam'inta shi ne majorities, kishiyarta kuma minority. Ana yawan cin karo da ita a harkar zaɓe da majalisa da shari'a da kasuwanci. Ma'anarta takan sauya daga wannan fage zuwa wancan, har ma tsakanin Turancin Birtaniya da na Amurka, kuma wannan sauyin yana iya canza fahimtar sakamakon zaɓe ko na wata doka.

Asali

Turanci ya aro kalmar ne daga majorité ta Faransanci a tsakiyar ƙarni na 16. Ita kuma ta Faransancin ta fito daga majoritas ta Latin ɗin tsakiyar zamani, wadda aka gina a kan maior, ma'ana "mafi girma". Daga wannan tushen ne Turanci ya samu major da mayor. Ɗafa-ƙeyar -ity da ke ƙarshenta aikinta shi ne mayar da sifa ta koma suna.

Da farkon shigowarta, kalmar tana nufin fifiko ko ɗaukaka, ma'anar da yanzu aka daina amfani da ita. Ba da jimawa ba ta samu ma'anar cikar shekarun girma a idon doka. Ma'anar "adadi mafi yawa", wadda aka fi sani a yau, sai a ƙarshen ƙarni na 17 ta bayyana a rubuce.

Ma'anoni

Ma'ana ta farko ita ce fiye da rabin wani rukuni. Idan ɗalibai 40 ne a aji, 21 daga cikinsu sun isa a kira su majority, amma 20 ba su isa ba, domin rabi ne cif. A maganar yau da kullum mutane ba sa yin lissafi kafin su faɗe ta. Suna nufin "yawanci" ne kawai. Sau da yawa akan ƙara mata sifa don nuna girman kason, kamar vast majority ko overwhelming majority idan rinjayen babba ne, da slim majority ko narrow majority idan da ƙyar aka haura rabi.

Ma'ana ta biyu ita ce tazarar ƙuri'u ko kujeru da ke tsakanin wanda ya yi nasara da na bayansa. Wannan ta fi ƙarfi a Turancin Birtaniya.

Ma'ana ta uku ita ce ɓangaren da ke da rinjaye a majalisa ko a kotu. Daga nan aka samu Majority Leader, wato jagoran jam'iyyar da ta fi yawan kujeru, da majority opinion, wato hukuncin da mafi yawan alƙalai suka amince da shi. A Kotun Ƙolin Amurka mai alƙalai tara, biyar sun wadatar idan dukansu sun zauna. A kasuwanci kuma majority shareholder shi ne wanda ya mallaki fiye da rabin hannun jarin kamfani.

Ma'ana ta huɗu ita ce shekarun da doka ke ɗaukar mutum a matsayin babba, mai ikon ƙulla yarjejeniya da tafiyar da al'amuransa da kansa. Ana kiran wannan age of majority. A Ingila da Wales shekara 21 ce a da, aka mayar da ita 18 daga ranar 1 ga Janairun 1970. Japan ta rage tata daga 20 zuwa 18 a watan Afrilun 2022.

Akwai kuma ma'anoni biyu da ba a cika jin su ba. Ɗaya ita ce muƙamin Manjo a aikin soja. Ɗayar kuwa tsohuwar sakaya ce: idan aka ce wani ya shiga cikin the majority, ana nufin ya rasu, bisa tunanin cewa matattu sun fi rayayyu yawa.

Bambancin Birtaniya da Amurka

A ce 'yan takara uku sun raba ƙuri'u 100: na farko ya samu 45, na biyu 35, na uku 20. A Turancin Amurka na farko bai samu majority ba, tunda bai haura 50 ba. Abin da ya samu sunansa plurality, wato ya fi kowa amma bai kai rabi ba. A Turancin Birtaniya kuwa za a ce ya ci da majority na ƙuri'u 10, wato tazarar da ya ba na biyu. Idan 'yan Birtaniya suna son bambancewa, sukan kira halin da ɗan takarar ke ciki relative majority, su kira haura rabi absolute majority ko overall majority.

A Majalisar Wakilan Birtaniya mai kujeru 650, ana lissafa rinjayen gwamnati ne ta hanyar cire kujerun dukan sauran jam'iyyu daga nata. A zaɓen 2019 jam'iyyar Conservative ta samu kujeru 365, sauran suka tashi da 285, shi ya sa aka ce tana da majority na 80.

A Amurka, Bill Clinton ya lashe zaɓen 1992 da kashi 43 cikin ɗari na ƙuri'un jama'a, wanda plurality ne kawai. Abin da ya ba shi mulki shi ne rinjaye a kwalejin masu zaɓe, inda ake buƙatar 270 daga cikin 538.

Ire-iren rinjaye a doka

Simple majority na nufin fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa, ba tare da ƙirga waɗanda suka ƙaurace ba. Absolute majority a majalisa na nufin fiye da rabin dukan mambobi, ko sun halarta ko ba su halarta ba. Supermajority ko qualified majority kuma shi ne inda doka ta ɗaga ma'auni sama da rabi. Majalisun Amurka na buƙatar kashi biyu bisa uku kafin su tabbatar da dokar da shugaban ƙasa ya hau kujerar naƙi a kanta, Majalisar Dattawa kuma na buƙatar sanatoci 60 cikin 100 kafin ta rufe muhawara a kan yawancin ƙudurori. A Majalisar Ministocin Tarayyar Turai, ma'aunin da aka saba shi ne kashi 55 cikin ɗari na ƙasashe, waɗanda ke wakiltar aƙalla kashi 65 cikin ɗari na al'ummar tarayyar.

Wani kuskure da ya yaɗu shi ne fassara kalmar da "kashi 50 cikin ɗari da ƙarin ɗaya". Wannan lissafi yana tafiya daidai idan adadin yana rabuwa biyu ba saura. Idan kuwa masu ƙuri'a bakwai ne, rabinsu uku da rabi ne, don haka huɗu sun haura rabi. Amma rabi da ƙarin ɗaya zai ba da huɗu da rabi, wanda zai sa a nemi mutum biyar.

Kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 134, ya kiyaye wannan bambanci. Idan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu ne, yana neman majority na ƙuri'un da aka kaɗa. Idan sun fi biyu, yana neman wanda ya fi kowa ƙuri'u. A duka halayen sai an haɗa da sharaɗin samun kashi ɗaya bisa huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi da Babban Birnin Tarayya. A zaɓen 2023 an ayyana Bola Tinubu a matsayin wanda ya yi nasara da kusan kashi 37 cikin ɗari na ƙuri'u.

Nahawu

Kalmar tana iya tafiya da aikatau na tilo ko na jam'i. Idan sunan jam'i ya biyo bayanta, aikatau na jam'i ake sakawa: the majority of farmers are ready. Idan tazarar ƙuri'u ake nufi, tilo ake sakawa: a majority of ten is enough. Idan kuma ta tsaya ita kaɗai tana nufin rukunin mutane, duka biyun suna halatta, sai dai Turancin Birtaniya ya fi na Amurka karkata ga jam'i.

Littattafan koyar da salon rubutu da dama suna ganin bai kamata a haɗa ta da abin da ba a ƙirgawa ba, kamar ruwa ko aiki ko lokaci. A wurinsu most of the work ya fi the majority of the work dacewa, duk da cewa ana jin na biyun a bakin masu harshen. A daidaitaccen Turanci kuma dole a ko the ta gabace ta. Jefar da su, kamar a ce majority of the people, abu ne da ya zama ruwan dare a Turancin Najeriya, amma ana ɗaukar sa kuskure a jarrabawa da rubutun hukuma.

Sanannun jimloli

Kalmar ta shiga wasu jimloli da suka yi suna a tarihin siyasa. Tyranny of the majority, wato danniyar da masu rinjaye kan yi wa tsiraru, ta yaɗu ta hanyar rubuce-rubucen Alexis de Tocqueville a 1835 da John Stuart Mill a 1859. Silent majority ta shahara bayan jawabin shugaban Amurka Richard Nixon na ranar 3 ga Nuwamban 1969, inda ya nemi goyon bayan Amurkawan da ba sa fita zanga-zangar adawa da yaƙin Vietnam. Majority rule kuwa ita ce taken fafutukar kawo ƙarshen mulkin tsirarun fararen fata a Rhodesia, wadda ta zama Zimbabwe a 1980, da Afirka ta Kudu, wadda ta yi zaɓenta na farko na kowa da kowa a 1994.

Fassara zuwa Hausa

Babu kalmar Hausa guda ɗaya da ta ɗauke dukan waɗannan ma'anoni. A maganar yau da kullum ana amfani da "yawanci" ko "mafi yawa", ko "galibi" da "akasari" waɗanda aka aro daga Larabci. A siyasa "rinjaye" ce ta zauna, shi ya sa kafofin watsa labarai ke cewa "shugaban masu rinjaye" da "shugaban marasa rinjaye". Sai dai "rinjaye" ba ta bambance wanda ya haura rabi da wanda ya fi kowa kawai ba, don haka mai fassara yakan ƙara da "fiye da rabi" idan abin da ake nufi ke nan. Inda ake maganar tazarar ƙuri'u, "tazara" ko "rata" ce ta dace. A ma'anar shekaru kuma, "balaga" ba ta yi daidai da ita sosai ba, domin balaga a fiƙihu tana da alaƙa da alamomin jiki, ita kuwa age of majority adadin shekaru ne da dokar ƙasa ta yanke.