Bargon Makiyayi da Ya Shiga Fada

Da zarar Oktoba ta kama a Turai da Amurka, ganye ya fara ja yana zuba, sai kasuwar wani yadi ta buɗe. Yadin ulu ne mai gida-gida kamar gidajen dara, ja ya ratsa kore, baƙi ya ratsa shuɗi. Wani ya ɗinka riga, wata ta naɗa a wuya, wani kuma hula da jaka. Akwai masu ajiye nasu a ƙasan akwati duk lokacin zafi, sai iskar kaka ta kaɗa su fito da shi kamar kayan sallah. Sunansa tartan, kuma a tsaunukan arewacin Sukotlan ya yi suna.

Saƙarsa ba ta da wani asiri. Masaƙi zai jera zaren tsaye launi-launi, ya maimaita jerin a abawa, duk inda launi biyu suka gamu sai na uku ya fito. Wanda ya san saƙi na masaƙanmu ba zai sha mamaki ba. Ƙyallen da ya fi daɗewa a ƙasar an same shi ne a garin Falkirk, an toshe bakin wata tukunya da shi, a cikinta tsabar azurfar Rumawa kusan 2,000. Tun ƙarni na 3 yake, ulu fari da mai duhu, ko rini babu.

A ƙarni na 17 makiyayin tsauni yakan ɗauki doguwar saƙa, ya tattare ta a ƙugu da ɗamara, ya yafa sauran a kafaɗa. Da rana sutura, da dare abin rufa. Kalmar da Amurkawa ke kiran yadin da ita yau ma, a harshen Gelik na 'yan tsaunin ma'anarta bargo.

Siyasa ce ta ɗaga darajarsa. Ranar 16 ga Afrilu 1746, a fagen Culloden, sojan gwamnati suka murƙushe mayaƙan Charles Edward Stuart, mai neman maido wa gidansu sarautar Birtaniya. Yawancin mutanensa 'yan tsauni ne. Sai majalisa a Landan ta kafa doka: daga 1 ga Agusta 1747, namiji babba ko yaro da aka kama da kayan tsauni a Sukotlan, ɗaurin wata shida, in ya sake, a kore shi ƙetaren teku shekara bakwai. Amma an ware sojan sarki. Abin da ya zama laifi a jikin makiyayi ya zama kaki a jikin rundunoni irin su Black Watch. Sai 1782 aka soke dokar.

Daga nan ne labarin ya ɗauki gishiri. A kantunan Edinbura yau za a tambaye ka sunan zuriyarku, a miƙo maka "naku" zanen, kamar tun kaka da kakanni kowane dangi da nasa. Masana tarihi ba su yarda ba. A dā zane ya fi bin yanki, da irin rinin da masaƙin gari ke iya samu, da ƙarfin aljihun mai saye. Babban kamfanin saƙa na William Wilson a Bannockburn ma lamba yake sa wa da yawa daga zanensa. A 1815 wata ƙungiyar 'yan tsauni mazauna Landan ta nemi shugabannin dangogi su aiko da samfurin nasu, kuma wasu sai da suka nemi shawara, don ba su san suna da shi ba.

A Agustan 1822 Sarki George na IV ya ziyarci Edinbura, marubuci Walter Scott ya tsara tarbar, ya nemi manya su fito da kayan tsauni. Sarkin da kansa, ga shi da jiki, ya ɗaura kilt, ɗan bujen nan mai tsayawa a gwiwa, ya sa matsattsen wando ruwan hoda a ƙasa. Masu zanen barkwanci sun samu abin yi, masaƙa kuwa kakarsu ta yanke saƙa. Shekara ashirin bayan haka wasu 'yan'uwa biyu, masu kiran kansu Sobieski Stuart, suka buga littafin Vestiarium Scoticum, wai daga tsohon rubutu suka kwafo zanen dangogi. Jabu ne. Abin dariya, har yau akwai gidajen da ke tinƙaho da zanen da ya fito daga cikinsa. Sarauniya Victoria da mijinta Albert suka ƙarasa aikin: suka sayi gidan Balmoral da ke Sukotlan a 1852, suka shimfiɗe ɗakunan da tartan.

Ni dai ban ga laifin mai son rigarsa ba. Laifin, in akwai, na mai kanti ne da ke sayar da tarihin tare da yadin.

A Amurka yadin ya koma hannun masu aikin ƙarfi, masu saran itace da mafarauta, shi ya sa can ake haɗa shi da sanyin kaka. Kamfanin Pendleton ya fito da rigarsa ta ulu mai launi a 1924. Burberry ya sa nasa a shafin cikin kwat, Vivienne Westwood ta yayyaga shi ta ba matasan Landan masu bore a shekarun 1970. Tun 2009 akwai rajistar gwamnati a Edinbura, inda kowa, daga ko'ina, zai iya biyan kuɗi a rubuta sabon zanensa.

Mu ma gida-gidan nan ba baƙo ba ne a tashoshinmu, sai dai ba a ulu ba. Jakar ledar nan mai ja da shuɗi da fari ta samu sunanta a Janairun 1983, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta umarci baƙi marasa takarda su bar ƙasar, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka zuba kayansu a ciki suka nufi iyaka.