Tarihin wasannin makaranta: Yadda birnin New York ya kwaso yara daga titi zuwa fili

Ƙungiyar Wasannin Makarantun Gwamnati ta birnin New York, wadda aka fi sani da PSAL, tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin da aka kafa domin shirya wa yaran birni wasannin motsa jiki a ƙarƙashin makaranta. An kafa ta a shekarar 1903, kuma har yau ita ce ke shirya gasannin makarantun sakandaren gwamnati na birnin.

Cunkoso ne ya haife ta. Ƙidayar 1900 ta nuna mutanen New York sun kai miliyan 3.4, sama da kashi ɗaya cikin uku an haife su ne a wajen Amurka. Baƙi daga Italiya da Rasha da sauran sassan Turai sun cika unguwannin talakawa maƙil, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu na dogayen gidajen haya marasa tsakar gida. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ba shi da dandali sai titi, inda yake gogayya da kekunan doki, ’yan sanda kuma na korarsa. Makaranta ma ba ta tsinana masa abin kirki ba ta wannan fuska. Abin da ake kira darasin motsa jiki a lokacin, wanda aka aro daga tsarin Jamus da na Suwidin, sau da yawa bai wuce a miƙe a tsakanin bencina a ɗaga hannu a sauke bisa umarnin malami ba.

Wanda ya ja ragamar sauyin shi ne Dokta Luther Gulick, likitan da aka naɗa daraktan motsa jiki na makarantun birnin a 1903. Shi ne kuma wanda a 1891, yana koyarwa a garin Springfield, ya umarci James Naismith ya ƙirƙiro wasan da za a iya yi a cikin ɗaki lokacin hunturu, umarnin da ya haifar da ƙwallon kwando. Gulick ya haɗa kai da James Sullivan, jigo a harkar guje-guje da tsalle-tsalle, da Janar George Wingate, wanda ya shugabanci ƙungiyar har rasuwarsa a 1928. Tun da farko ba daga baitulmali kuɗin ya fito ba: attajirai irin su Andrew Carnegie da John D. Rockefeller ne suka zuba, sai daga baya hukumar ilimi ta ɗauki nauyin. Gasar farko an yi ta ran 26 ga Disamba, 1903 a zauren Madison Square Garden, da yara maza fiye da 1,000.

Abin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne dabarun da aka ɓullo da su don kada wasa ya zama na gwanaye kaɗai. Gulick ya lura cewa in kofi ne kawai a gaba, makaranta za ta tsamo ’yan yara goma masu ƙafa ta mayar da sauran ’yan kallo. Sai aka kawo gasar aji da aji, inda dole aƙalla kashi 80 cikin 100 na ’yan aji su shiga, a tara sakamakonsu a fitar da matsakaici. A wannan lissafi, ramammen yaron da ke zama a bencin baya yana iya kayar da ajinsa ko ya fid da shi kunya, don haka gwanayen da kansu suke jan sa zuwa atisaye. Dabara ta biyu ita ce lambar yabo da yaro ke samu ba tare da ya doke kowa ba. A matakin farko, ana so ya yi tseren yadi 60 cikin daƙiƙa 8.6, ya yi tsalle daga tsaye na ƙafa 5 da inci 9, sannan ya rataya a sanda ya ɗaga jikinsa sau 4 har haɓarsa ta haye. Kafin ma a bar shi ya gwada, sai malaminsa ya shaida cewa karatunsa da ɗabi’arsa ba su da aibi. An kuma riƙa raba ’yan tsere bisa nauyin jiki, don kada ƙato ya danne ƙarami.

Ba tausayi zalla ne ya motsa waɗanda suka kafa ƙungiyar ba. Suna son su mayar da ’ya’yan baƙi Amurkawa masu biyayya, su kuma rage gungun yaran unguwa masu ta da zaune tsaye. Wingate, tsohon soja, har harbin bindiga ya shigar cikin wasannin ’yan sakandare.

’Yan mata kuwa an ba su rabin hannu. An buɗe reshensu a 1905, inda Elizabeth Burchenal ta yi fice wajen koyar da raye-rayen gargajiyar Turai, ana tara dubbansu su yi a dandalin Central Park. Amma an hana su gasa tsakanin makaranta da makaranta, bisa tunanin zamanin cewa hamayya ba ta dace da mace ba. Wannan shinge bai rushe sosai ba sai a shekarun 1970, musamman bayan dokar tarayya ta 1972 da ta haramta nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya.

Wasu biranen Amurka sun kwaikwayi tsarin cikin ’yan shekaru, jihar New York kuma ta wajabta horon jiki a makarantu a 1916. Sai dai a hankali gasar zakaru ta rinjayi gasar aji, abin da Gulick ya yi gudu tun farko, kuma lokacin da birnin ya faɗa matsin kuɗi a 1975, wasannin makaranta na cikin abubuwan da aka zabtare wa kasafi. Zakarun dai an samu. Bob Beamon, wanda ya yi dogon tsallen mita 8.90 a gasar Olamfik ta 1968 a birnin Meziko, ɗan makarantar gwamnati ne daga yankin Queens na New York.